Idan Baƙin Mai Ya Ƙaru da Kansa

Baƙin mai ba ya haihuwa. Injin ci yake yi, man ya ragu. Saboda haka idan ka zaro sandar awo da sassafe, ka ga mai ya haura layin sama alhali ba wanda ya ƙara, kada ka tada tarakta. Wani abu ne ke zuba a ciki.

Goga sandar a yatsa. Mai na kirki yana da kauri da danƙo. Idan ya tsinke, kuma yana warin gazuwal, ka samo ɓarawo. In kana shakka, ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda, ka jira kaɗan. Baƙi zai tsaya a tsakiya, gazuwal kuwa ya bazu ya yi zobe mai haske kewaye da shi. Idan man ya yi fari-fari, wannan ruwa ne, matsalarsa daban.

Tsofaffin taraktoci irin Massey Ferguson 135, waɗanda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, suna da ƙaramin famfo a jikin injin, shi ke jawo gazuwal daga tanki. A cikinsa akwai faifan roba. In ya tsufa sai ya tsage, gazuwal ya sulale cikin baƙin mai. Nan za ka fara dubawa, domin gyaransa ya fi araha. Kwance famfon daga jikin injin, ka bar bututansa a ɗaure, ka danna ɗan hannunsa. Ka ga gazuwal na tsiyaya ta bayansa? To, shi ne.

In lafiyarsa lau, saura babban famfo da nozul. Nozul mai yoyo yakan sa farin hayaƙi da ɗingishin injin. Babban famfo kuwa, kada ka buɗe shi a bakin tafki ko cikin gonar rake, ƙura kaɗai ta isa ta kashe shi. Kai shi birni wurin masu aikinsa. Kuɗin mota bai kai kuɗin sabon injin ba.

Wasu kan ce bari a gama huɗa tukuna. Kuskure ne, tsinkakken mai ba ya hana ƙarfe cin ƙarfe.

Bayan gyara, zubar da tsohon man duka, ka canza filta. Tankin tarakta irin Massey Ferguson 135 a saman injin yake, don haka rufe makunnin gazuwal da ke ƙarƙashinsa duk lokacin da za ta kwana.