Kafin Ka Sayar Da Shanu Ka Sayi Motar Iyali

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Damagaram, maza da mata masu zuwa karatun yaƙi da jahilci, darasinmu na yau a kan mota ne.

Idan kaka ta yi, an sayar da wake da riɗi, ko yaro ya aiko da kuɗi daga ci-rani, sai maganar mota ta taso a gida. Ba laifi ba ne. Mai mata 2 da yara 8 ba ya ɗora su a kan babur. Amalanken shanu yana kai mu kasuwa, amma ba ya kai mai naƙuda asibitin Zinder cikin dare. Wanda ya taɓa neman mota da ƙarfe 2 na dare daga wani ƙauyen Mazamni ko Albarkaram ya san wannan.

Sai dai mota ba saniya ba ce. Saniya tana cin ciyawa, ta haihu, ta ba da nono. Mota kuɗi take ci, kuma kowace shekara darajarta raguwa take. Kuɗin da ka ba mai ita ran ciniki su ne na farko. Sauran suna nan tafe: mai, taya, gyara da takardu.

Kujera nawa?

Kowace mota tana da takarda mai suna kartigiris. Ita ce shaidar mallakar mota. A cikinta an rubuta yawan mutanen da motar za ta ɗauka, har da direba. Yanzu da ka iya karatu, ka karɓi takardar ka duba da idonka. Idan an rubuta 5, to, motar mutum 5 ce, ko da mai walda ya ƙara mata benci a baya. Ran da aka yi hatsari, masu asiransi wannan lamba za su duba.

Akwai maganar permi, wato takardar izinin tuƙi. Permi B yana tuƙa motar da ba ta wuce mutum 9 ba har da direba. Wadda ta wuce haka, kamar Toyota Hiace da muke shiga a tasha, sai mai permi D. Hiace motar sana'a ce. Magidancin da ba haya zai yi ba, ya bar ta.

Ka lura kuma da layin kujeru na uku. A yawancin motoci masu kujera 7, wannan layi ƙarami ne, na yara ne. Idan an zauna a kansa, wurin kaya ya tafi. Daga nan sai mutane su ɗora buhunan hatsi a kan rufi. Motar da samanta ya yi nauyi ba ta da wuyar kifewa a kwana, ko idan taya ta fashe.

Waɗanne motoci ake samu?

Dattawa ba su manta da Peugeot 504 doguwa mai layi 3 ba. Faransa ta fara ƙera 504 a 1968. A 1975 kamfanin Peugeot ya buɗe masana'anta a Kaduna, inda aka daɗe ana haɗa ta. Ta yi suna a hanyar Zinder zuwa Kano, saboda tana jure wahala, kuma kusan kowane makanike ya san cikinta. Amma ba a ƙara haɗa ta ba bayan 2006. Duk wadda ka gani yau tsohuwa ce ƙwarai. Kayan gyaranta ma yawanci na wata matacciya ne aka kwance.

Bayanta akwai Volkswagen Sharan, wadda aka fara a 1995. Kujerunta 7 ne, kuma ana iya cire na baya a zuba kaya. Akwai Toyota Picnic, da aka yi daga 1996 zuwa 2001, mai kujera 6 ko 7. Akwai Toyota Sienna ta Amurka. Tana da faɗi da daɗin zama, amma babban inji gare ta, mai shan esansi da yawa.

Waɗannan uku an yi su ne don kwalta. Cikinsu yana kusa da ƙasa. Mutumin Gidimuni, wanda babbar hanyar Zinder zuwa Gure ta bi ta garinsu, zai iya morar su. Wanda sai ya yi kilomita 30 cikin rairayi kafin ya hau kwalta, ya sake tunani. Motar za ta kafe, cikinta ya bugi ƙasa, salansa ta cire. Rairayi sai kat-kat, wato mai ja da ƙafa 4, irin Land Cruiser ko Hilux. Su kuma tsada gare su wajen saye, kuma tayarsu ma tsada gare ta.

A ganinmu, sunan mota ba shi ne abin dubawa na farko ba. Ka je tashar garinku ran kasuwa. Ka ga irin motar da ta fi yawa, wadda ke zuwa ta koma kowane mako ba fashi. Direbobin haya ba sa riƙe motar da ke cinye musu riba. Sa'an nan ka je wurin masu sayar da kayan mota a Zinder. Ka tambayi kuɗin birki, da kuloci, da famfon ruwa na irin wadda kake so. Idan suka ce sai an aika Kano ko Yamai, ka san motarka za ta riƙa kwana a gindin bedi, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

Wata magana kuma: mota mai giyar hannu, idan batir ya mutu a daji, mutum 3 za su tura ta ta tashi. Otomatik ba ta tashi da turi.

Mu yi lissafi

Ku ɗauko alli. Dala 1 ita ce sefa 5. Jika 1 ita ce dala 200, wato sefa 1000.

Tun 2011 muna da matatar mai ta SORAZ a kan hanyar Tanut. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar esansi zuwa sefa 499. Don sauƙin lissafi, mu ce lita dala 100 ce. Kada ka dogara da arahar man ƴan ruwa-ruwa. Tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a 2023, arahar da aka saba da ita a da ta wuce.

Misali ne za mu yi. A ce garinku yana da nisan kilomita 70 daga Zinder. Zuwa da dawowa kilomita 140 ke nan. Ga mota biyu. Ta farko tana shan lita 10 a kilomita 100. Ta biyu tana shan lita 14.

Ta farko za ta sha lita 14 a tafiyar, wato jika 7. Ta biyu za ta sha kusan lita 20, wato jika 10. Bambancin jika 3 ne kawai, kamar ba kome ba. To, a ce kana cin kasuwar Zinder kowace Alhamis. Shekara mako 52 ce. Ta farko ta ci jika 364. Ta biyu ta ci jika 520. Bambanci ya zama jika 156 a shekara guda. Cikin rairayi kuwa, kowacce za ta sha fiye da haka.

Ba mu sa man inji ba, wanda ake juyewa lokaci-lokaci. Ba mu sa taya 4 ba, ko batir, ko matatar iska da ƙurar hunturu ke toshewa. Ba mu sa asiransi, da binyet, da bizit ba, wato dubawar lafiyar mota da hukuma ke yi. Idan babu mai tuƙi a gidan, akwai kuɗin direba.

Yanzu ka ƙirga sau nawa iyali duka ke tafiya tare a shekara: biki, suna, gaisuwar mutuwa, asibiti. Wani gidan ba ya wuce sau 6. Ka tambayi kuɗin shatar mota a tasha, ka ninka sau 6, ka gwada da lissafin da muka yi. Gidaje da yawa za su ga shata ta fi musu sauƙi. Faɗin haka ba shi da daɗi, amma gara a ji shi kafin a kai shanun huɗa kasuwa. Wanda ya sayar da shanun huɗa ya taɓa noman baɗi. Awakin uwargida kuwa nata ne. Ba a sa su cikin kuɗin mota sai da yardarta.

Wasu ƴan'uwa suna haɗa kuɗi su sayi mota ɗaya. Dabara ce mai kyau, idan an rubuta kome a takarda gaban shaidu: wa ya ba da nawa, wa zai tuƙa, wa zai biya gyara. Ga amfanin karatun da kuke yi. Idan kuma za a riƙa ɗaukar fasinja don kuɗi, a faɗa tun farko, domin takardun haya da asiransinta dabam suke.

Ranar duba mota

Kusan duk motar da talaka ke saye ta hannu ce. Da yawa sun yi shekaru a Turai kafin jirgin ruwa ya kawo su. An daɗe ana shigo da su ta Kwatano. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo.

Kada ka je kai kaɗai. Ka tafi da makaniken da kai za ka biya, ba na dillali ba. Ku je da sassafe, inji yana da sanyi. Injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. A tada motar, ka tsaya a bayanta ka dubi hayaƙi. Shuɗin hayaƙi yana nufin inji yana ƙona mansa. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa yana nufin ruwa na shiga inji. Ka buɗe murfin man inji. Idan ka ga abu kamar madara, ruwa ya gauraya da mai. Ka bar motar nan.

Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi. A Turai ana zuba gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarfe. Sabon fenti a sama ba ya hana tsatsa a ƙasa.

A jikin kowace taya akwai lamba 4 a jere, cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai goge ba, tana iya fashewa a kan kwalta mai zafi cikin bazara.

Sa'an nan a gwada motar da mutane cike, a irin hanyar garinku. Ka sa ido kan allurar zafin inji. A ƙasarmu zafi yana wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Motar da ke tafasa da safe, yaya za ta yi da azahar?

Kafin kuɗi su bar hannunka, ka gwada lambar shasi da ke jikin mota da wadda ke cikin kartigiris, harafi da harafi. Ka nemi takardar duwan, musamman idan motar daga Nijeriya ta shigo. Motar da ba a biya mata duwan ba tana da araha, amma ana iya kama ta a hanya. A rubuta takardar ciniki, a sa hannu gaban hukuma, a mai da kartigiris da sunanka. Ka rage wani abu cikin kuɗinka don gyaran farko, domin motar hannu ba ta rasa abin canzawa.

Aikin gida

1. Mota tana shan lita 12 a kilomita 100. Lita nawa za ta sha a kilomita 150? Jika nawa ke nan, idan lita dala 100 ce?
2. An rubuta 0821 a jikin taya. Yaushe aka yi ta?
3. Buhun hatsi nawa jika 156 za ta saya a kasuwarku?
4. Ku rubuta sunayen motocin da ke zuwa garinku ran kasuwa. Ku tambayi direba guda abin da ya kashe a gyara bana, ku kawo ma malami amsar.