DARASIN LAFIYA: Ciwon Muƙamuƙi da Allurar Botox

Muƙamuƙi shi ne ƙashin da haƙora suke kansa. A kowane kunci akwai tsoka mai ƙarfi wadda take motsa shi wajen tauna da magana. Idan tsokar ta gaji sai ta ɗaure, mutum ya ji ciwo a gaban kunne, har da ciwon kai.

Abin da ke kawo shi

Cizon haƙora cikin barci, da damuwa, da yawan tauna abu mai tauri kamar goro, rake, aya da ƙashi.

Allurar Botox

Akwai wata ƙwayar cuta mai zama a ƙasa, sunanta Clostridium botulinum. Dafinta yana kisa. Wani likitan ido a Amurka, Alan Scott, ya gano cewa ɗan kaɗan daga dafin yana sakin tsokar da ta ɗaure. A 1989 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi maganin harara-garke da shi. Daga baya likitoci suka soma yin allurar a tsokar muƙamuƙi.

Allurar tana hana jijiya kai saƙo ga tsoka, sai tsokar ta huta. Tana soma aiki bayan 'yan kwanaki, ƙarfinta ya ƙare bayan wata 3 zuwa 4. Ba ta raba mutum da ciwon har abada, tana da tsada, kuma takan raunana tauna. Ƙwararren likita kaɗai yake yin ta. Kada a yarda mai kemis ko mai tallan magani ya yi ta.

Abin da za a fara yi

A gasa kunci da tsumma mai ɗumi. A koma cin abinci mai laushi, kamar kunu da fate. A rage goro da rake. In ciwo ya ƙi, mutumin Jajaye ya tafi asibitin Rogo ko na Ƙaraye. In ya fi ƙarfinsu, sai a tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Gargaɗi

Idan ƙusa ko fartanya ta ji wa mutum rauni, sannan bakinsa ya ƙi buɗuwa, wannan alamar tsinkau-tsinkau ce. A kai shi asibiti nan take.

Tambayoyi

1. Me ke kawo ciwon muƙamuƙi?
2. Wata nawa allurar take aiki?
3. Wa ya kamata ya yi ta?