Gyaran Rijiya Bayan Cikar Komadugu

Jama'ar Diffa, idan kogin Komadugu ya cika ya shiga rijiya, kada a sha ruwanta sai an yashe ta. A kwashe laka, a toshe tsagar bango da siminti, a ɗaga bakinta, a yi mata murfi. Masai ya yi nisan mita 30 da ita, guga kuma a rataye shi, kar ya taɓa ƙasa. Ruwan famfo in ya zo da gurɓata, a bari ya kwanta, a tace da tsaftataccen ƙyalle, sannan a tafasa ko a saka Aquatabs a jira minti 30. Tacewa kaɗai ba ta kashe ƙwayar cuta. Mu tuna ciwon shawara da ya kashe masu juna biyu a 2017. Rigakafi ya fi magani.