Yadda Ake Ɗaukar Tarihin Rayuwar Masana ta Hanyar Hira

Tarihin baka, wato labarin da ake karɓa daga bakin wanda ya ga abu ko ya ji shi daga magabata, shi ne babbar hanyar sanin rayuwar malamai da mawaƙa da masu sarauta waɗanda ba su rubuta tarihinsu ba. Ta wannan hanya Mary Smith ta ɗauki labarin Baba ta Karo a ƙasar Zazzau daga 1949 zuwa 1950, aka buga shi a 1954.

Mai bincike yakan fara da nazarin rubuce-rubuce ko waƙoƙin wanda zai gana da shi, sannan ya nemi wanda zai yi masa iso, kamar babban almajiri a wurin malami, ko sanƙira, wato mai yi wa makaɗi kirari da roƙo. Zuwan farko na gaisuwa ne da bayyana manufa, kuma mai gida ne ke zaɓar lokaci, galibi da hantsi ko bayan La'asar, a zaure. Idan tsohuwa ce a cikin gida, ya fi dacewa mace ta yi hirar.

Ranar hira, bayan an sami izinin naɗar murya, ana fara ambaton suna da wuri da kwanan wata a cikin na'ura. Tambayoyi sukan soma da asali da ƙuruciya, sannan su gangaro kan sana'a: malami ya faɗi wurin wanda ya karanta Ahalari da Risala, makaɗi ya faɗi ubangidansa da 'yan amshinsa. Da yake dattawa da yawa ba sa riƙe shekara da lamba, sai a auna lokaci da abin da kowa ya shaida, kamar rasuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero a 1953, ko samun mulkin kai a 1960, ko shigowar Naira a 1973. Dole kuma a kiyaye alkunya, domin uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, sai a nemi sunan daga bakin wani. Idan dattijo ya yi shiru ba a katse masa tunani, saboda sau da yawa maganar da ta fi nauyi tana zuwa ne bayan shirun.

Daga nan ana rubuta hirar kamar yadda ta fito, a bar Basakkwace da Sakkwatancinsa, sannan a gwada ta da maganganun tsararrakin mai labarin da takardun da ke akwai. A ƙarshe ana komawa a karanta wa mai labarin, ya gyara kuskure, ya kuma ware abin da bai yarda a yaɗa ba, domin maganar amana ce a hannun mai bincike. Iyalin mai labarin su sami kwafi, wani kuma a ajiye shi a Gidan Arewa da ke Kaduna, ko cibiyar nazarin tarihin baka ta CELHTO da ke Yamai, inda ɗalibai za su iya sauraronsa.