DARASI: INA UNGULU TA TAFI?

Karatu: Farawa 2:15

'Yan'uwa manoma, ku tambayi dattawan garinku. Za su gaya muku cewa a dā ungulaye kan cika mahauta ran kasuwa. Yau fa? Sai yaro ya girma bai taɓa ganin ko ɗaya ba.

Mene ne ya jawo haka? Babban dalili shi ne ciniki. Waɗansu sukan zuba guba a nama, ungulaye su ci su mutu, a sare kawunansu a sayar wa bokaye don yin asiri. A 2020 an kashe fiye da 2,000 ta wannan hanya a ƙasar Gini Bisau. Ungulu kuwa ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, don haka ba ta iya mai da abin da aka kashe. Tun 2015 masana suka sa ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Me ya shafi manomi? Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza. Ita ce ke cinye mushe kafin ya ruɓe, cikinta kuma yana kashe ƙwayoyin cuta irin ta saifa. A Indiya, wajen 1990 zuwa 2000, wani maganin shanu ya kashe fiye da tara cikin goma na ungulayensu. Mushe ya taru, karnuka suka yi yawa, ciwon haukan kare ya ƙaru.

Allah ya sa Adamu a gonar Adnin don ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Mu wakilai ne, ba masu ita ba. Gwamnatin Nijeriya ma ta kafa doka a 1985 don hana cinikin namun dajin da ke ƙarewa.

Abin da za mu yi:
1. Kada mu sayi kai, ƙwai ko gashin ungulu. In babu mai saye, maharbi zai daina.
2. Kada mu sa guba a mushe don kashe kura ko karnuka.
3. Kada mu sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai.
4. In baƙo ya zo neman ungulu da kuɗi, a sanar da mai unguwa ko ma'aikacin gandun daji.

Tambayoyi don tattaunawa:
1. Yaushe ka ga ungulu na ƙarshe a garinku?
2. In ɗan'uwa mai bi yana wannan ciniki saboda talauci, ta yaya ikkilisiya za ta taimake shi ya sami wata sana'a?