Amsoshin Tambayoyinku: Jan Ɗigon da ke Tsakiyar Kibod

TAMBAYA: Ina da ɗan shagon buga takardu a cikin garin Gaya. Ɗaliban jami'ar Wudil sukan kawo mini aikin kammala karatu, mutanen Ajingi kuma su zo da wasiƙu da takardun cinikin gona. Teburina ƙarami ne, firinta ta cinye rabinsa. Kafin la'asar sai kafaɗata ta dama ta riƙe, wuya ya sage. Na ga wani ƙaramin kibod mai jan ɗigo a tsakiya, irin na jikin laftof ɗina, aka ce da shi ba sai na nemi maus ba. Mene ne aikin ɗigon nan? Idan na saya zai raba ni da ciwon nan?

Daga wani mai karatu, Gaya.

AMSA: Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa albarka a sana'a.

Ɗigon da kake gani tsakanin haruffan G da H da B sunansa TrackPoint. Wani masani mai suna Ted Selker ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin IBM kuma ya fito da shi a jikin laftof ɗin ThinkPad a shekarar 1992. Abin da ya dami Selker a lokacin shi ne ɗan lokacin da mai bugu yake ɓatawa duk sanda ya ɗauke hannu daga haruffa ya kamo maus, wajen kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa a tafiya, kwatankwacin haka a dawowa. Sai ya ga gara a kawo maus ɗin inda yatsu suke zaune. A 2005 kamfanin Lenovo ya sayi sashen kwamfutocin IBM, ya ci gaba da sa ɗigon. Dell da HP da Toshiba su ma sun yi nasu, shi ya sa za ka ga baƙi ko shuɗi a wasu kwamfutocin hannu da ake sayarwa a titin Beirut a Kano.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne ɗigon ba ya tafiya ko'ina. A ƙarƙashin robar akwai ɗan sanda mai na'urorin auna matsi. Idan ka tura shi da ɗan ali, sai ya gane ta ina ka tura da kuma ƙarfin turin. Kamar totur ɗin babur yake: ka taɓa kaɗan kibiya ta yi tafiyar hankali, ka ƙara ƙarfi ta zura da gudu. Maɓallai uku da ke ƙasan dogon maɓallin tazara na babban yatsa ne: hagu da dama kamar na maus, na tsakiya kuwa idan ka danne shi ka tura ɗigon, shafi ya yi sama ko ƙasa. Ga mai duba aiki mai shafi tamanin, wannan kaɗai ba ƙaramin sauƙi ba ne.

To mu zo kan kafaɗa, don ita ce ta sa ka rubuto. Babban kibod na ofis faɗinsa yakan kai santimita 45, saboda a damansa akwai rukunin kibiyoyi, ga kuma rukunin lambobi. Dole maus ya zauna can gaba da su. Ke nan duk sanda za ka kama shi, sai ka buɗe hammata ka miƙa hannu gefe, kuma a haka hannun zai yi ta rataya, tsokar kafaɗa da ta wuya suna ɗauke da shi har yamma. Ƙaramin kibod irin wanda ka gani faɗinsa kusan santimita 30 ne, an cire masa rukunin lambobi, amma haruffan suna nan da girmansu, tazarar kusan milimita 19 tsakanin kowane biyu. Gwiwar hannu ta dawo kusa da haƙarƙari, kafaɗa ta sauka. A ganina rabin alherin wannan kibod a ƙarancin faɗinsa yake, ko da ba a taɓa ɗigon ba.

Wuyan kuma laifin laftof ne. An haɗe allo da kibod wuri guda, don haka idan hannu ya ji daɗi sai wuya ya sunkuya, idan ka ɗaga ta don wuya sai hannu ya rataya. Kibod na daban shi ke raba gardamar. Ka ɗora laftof ɗin a kan rim biyu ko uku na takarda, har saman allon ya zo daidai da idonka, ka ajiye kibod a ƙasa inda hannunka zai kwanta daga gwiwa zuwa yatsu ba lanƙwasa. Ƙananan ƙafafun da ke bayan kibod ka bar su a naɗe, domin ɗaga bayan yana sa wuyan hannu ya karye sama. Idan a benci kake zama, ka nemi kujera mai majingina, ƙafa ta taka ƙasa sosai. Idan ba a gyara waɗannan ba, ko wane kibod ka saya ciwon yana nan.

Sai dai ɗigon yana da nasa sharuɗɗa. Amfaninsa ya fi fitowa ga wanda ke bugu da yatsu goma ba tare da kallon haruffa ba, tun da shi ne yatsunsa ke zaune a layin tsakiya. Mai bugu da yatsu biyu ba zai ga bambanci mai yawa ba. Farkon amfani da shi kibiya za ta riƙa wuce inda ka nufa, kuma mutane da yawa a nan suke fushi su bar shi. A yi haƙuri, hannu yana sabawa. Abin da nake jin tsoro shi ne ka riƙa dannawa da ƙarfi, ciwo ya bar kafaɗa ya koma yatsa. Ka shiga saitin maus ka ƙara saurin kibiya har taɓi kaɗan ya wadatar, kuma ka riƙa musanya ɗan alin dama da na hagu. Wani lokaci za ka ga kibiya tana tafiya ita kaɗai. Ba lalacewa ba ce, ka ɗage yatsa na 'yan daƙiƙu, na'urar za ta daidaita kanta.

Idan kuma aikinka ya fi yawa a shigar da lambobi, kamar sakamakon jarrabawa ko lissafin albashi, rashin rukunin lambobi zai rage maka sauri. Ana sayar da ƙaramin allon lambobi na daban, kana iya ajiye shi a hagu. Zanen katin biki da gyaran hoton fasfo kuwa, gaskiya maus ya fi dacewa da su. Kada ka yar da naka, yanzu ma ya sami wuri kusa da jikinka.

Game da saye, Lenovo ya fitar da mai waya a 2013, sannan marar waya mai suna TrackPoint Keyboard II a 2020. Akwai masu tsada irin su HHKB Studio na Japan, amma ba su ne na shago irin naka ba. Ni mai waya zan zaɓa maka: daga laftof yake shan wuta, babu batun caji ranar da aka ɗauke wuta. Ka dai kula da bakin da wayar ke shiga, siriri ne, kada a riƙa fizga. Ka tafi da laftof ɗinka ka gwada a gaban mai kaya, harafi bayan harafi, ka tura ɗigon kusurwa huɗu, ka danna maɓallan nan uku. Ka lura kuma maɓallin Fn ne a ƙarshen hagu inda ka saba samun Ctrl, zai ɗan ruɗe ka wajen kwafi da liƙawa kafin ka saba. Robar ɗigon tana cinyewa, ana zare ta a sa sabuwa, amma tsayinsu ya bambanta, don haka ka riƙe tsohuwar a aljihu ranar da za ka nemo wata. Da hunturu ka rufe kibod da ƙyalle idan ka tashi, ƙura tana shiga ƙarƙashin haruffan nan marasa tudu ta hana su dannuwa.

Kafin ka kashe ko kwabo, tun da laftof ɗinka tana da ɗigon, ka cire maus ka yi mako guda kana aiki da shi ka ga yadda hannunka ya karɓe shi. Idan kuwa ciwon ya fara sauka zuwa hannu, ko yatsu suna mutuwa, ko yana hana ka barci, kada ka tsaya kan kibod. Ka je babban asibitin Gaya likita ya duba ka, idan da buƙata su tura ka Asibitin Ƙashi na Dala.