Jirgin Tururi Mai Jan Kaya

Manomin auduga a Malumfashi ya san tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa. Layin dogon nan reshe ne da ya taso daga Zariya. Shi kuwa babban layin da ya ratsa Zariya, daga bakin Kogin Kwara ya faro, a wani gari da ake kira Baro.

An soma aikin dogon Baro zuwa Kano a 1907, ya iso Kano a 1911. A lokacin babu titin mota zuwa Baro. Ƙarafan dogo da kawunan jirgin ƙasa ta ruwa aka kawo su, daga bakin teku, a wuce Lakwaja, har Baro. Jiragen tururi ne suka yi wannan dako.

Cikinsu akwai masu jan kaya. Irin wannan jirgi ƙarami ne, amma ƙarfi gare shi. Ba ya ɗaukar kaya da yawa a bisa kansa. Sai a ɗaura masa manyan kwale-kwalen ƙarfe marasa inji, ya yi ta jansu yana hawan kogi.

Yaya yake aiki? A cikinsa akwai ƙatuwar tukunyar ƙarfe cike da ruwa. Ana hura wuta da itace ko kwal. In ruwa ya tafasa, tururi ya rasa mafita, sai ya tunkuɗa sandar inji, ita kuma ta juya farfela. Duk matar da ta ga tururi yana ɗaga murfin tukunya ta ga tushen abin. Mai hura wutar nan ya fi kowa shan wuya: zafi, gumi da toka, dare da rana. Da rani kuma, in ruwa ya janye, jirgi kan kafe a kan yashi.

Da injin dizal ya zo, motoci suka yawaita, sai aka yi watsi da jiragen. Abin takaici ne yadda tsatsa ta cinye su.

A birnin Biristol na Ingila an ceci wani irinsu mai suna Mayflower. An ƙera shi a 1861, ya yi aiki fiye da shekara 100. Gidan tarihin birnin ya saye shi a 1981 yana a lalace. Masu aikin sa-kai suka duƙufa a kansa, sai a 1987 ya sake tashi. Adana jirgi irin wannan aiki ne na kullum: a kankare tsatsa, a shafa fenti, a sa wa inji mai, a duba tukunya kada ta tsage. Sannan a koya wa matasa hura wutar da sarrafa injin, domin tsofaffin da suka iya suna ƙarewa.

Aikin nan bai fi ƙarfin maƙera da masu walda na Malumfashi da Funtuwa ba. Tsofaffin injinan gurzar auduga na zamanin kamfanin auduga na BCGA su ma sun cancanci irin wannan kulawa, kafin 'yan gwangwan su auna su a sikeli.